LAMBAR NAFDAC DA TIYAR WAKE

A duk shekara idan kaka ta yi, manyan motoci kan yi jerin gwano a kasuwannin Ɗandume da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ana loda masu masara da dawa da wake da waken suya, su nufi Kano da Ibadan da Legas da Anacha, wasu har su ƙetare iyaka. Babu mai musun cewa kudancin Jihar Katsina yana cikin rumbunan da ke ciyar da ƙasar nan. Kuma matasa ne ƙashin bayan wannan aiki tun daga sharar gona har ɗinkin buhu. Su ke goya injin feshi, su ke casa, su ke zuba maganin ajiya, su ke dako, wasunsu kuma su ne ke tsaron kemis ko yawo da kwandon magani a ka ranar kasuwa. Saboda haka tambayar nan da ake yawan ja-in-ja a kanta a majalisun samari, wato ko hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, abar amincewa ce ko kuwa a'a, ta shafi matashin wannan yanki ta fuska biyu, domin kuwa shi ne mai ci, kuma sau da yawa ta hannunsa abin da za a ci ɗin ke biyowa.

Idan aka saurari masu gardamar za a tarar sun kasu gida biyu. Akwai wanda da zarar ya juya kwalba ya ga lambar NAFDAC a jiki, shi ke nan hankalinsa ya kwanta, zai ɗura wa ɗansa ba tare da wani ɗar ba. Akwai kuma wanda a wurinsa duk abin da ya fito ta hannun hukuma makirci ne, ko allurar rigakafi ce ko gargaɗi a kan maganin ƙwari. Dukkansu biyun sun hutar da kansu wahalar duba abin da ya faru a zahiri, alhali kuwa tarihin wannan hukuma bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, kuma mafi yawan abubuwan da za a yi mata hukunci da su a Kano da Zariya suka faru, inda mutumin Funtuwa ke zuwa ya dawo a yini ɗaya.

Ita kanta hukumar gawarwakin yara ne suka haife ta. A shekarar 1990 yara 109 suka mutu a Ibadan da Jos bayan an ba su farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba da ke kashe ƙoda. Bayan wannan ne gwamnatin soja ta kafa NAFDAC da doka ta 15 ta shekarar 1993. Mai karatu ya riƙe wannan mafari da kyau, domin irin tsarin nan na sai an yi jana'iza sannan a motsa, shi zai yi ta gani yana maimaita kansa.

Shekara uku kacal bayan kafa ta aka yi mata jarrabawa ta farko. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe mutum fiye da 11,000. Ana cikin wannan tashin hankali sai ga ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka sun sauka a Asibitin Zana da ke Kano da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ko a ƙasarsu ba a ba da izinin sayar da shi ba. Suka ɗebi yara kimanin 200, suka bai wa kusan rabi Trovan, sauran kuma wani sanannen magani amma a ma'aunin da bai kai yadda aka saba bayarwa ba. Bayan kamar mako biyu suka tattara kayansu suka tafi, annoba na ci gaba da cin rayuka. Yara 11 daga cikin waɗanda aka yi gwajin a kansu sun mutu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna ba maganinsa ba, kuma ya ce yana da takardar NAFDAC ta shigo da maganin. Iyayen yaran kuwa, talakawa bayin Allah, sun ce babu wanda ya gaya masu gwaji ake yi da 'ya'yansu.

To, wa ya tona wannan asiri? Jaridar Washington Post ce ta Amurka, a ƙarshen shekarar 2000, shekara huɗu bayan an rufe yaran. A nan ne aka ji cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a na Asibitin Malam Aminu Kano da kamfanin ya dogara da ita an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan wata baya, domin a lokacin gwajin babu ma kwamitin a asibitin. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdussalami Nasidi, ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin haramtacce ne. Sai aka kulle rahoton a durowa har shekara biyar, sai a 2006 ya sake ɓulla a wannan jarida ta Amurka ɗin dai. An kai ƙara kotu a 2007, aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya a 2011, shekara goma sha biyar bayan abin ya faru. Ko ta ina aka juya wannan magana hukuma ba ta fita ba. In da saninta aka yi, ta ci amanar raunana. In kuwa ba da saninta ba ne, to ina amfanin mai gadin da za a shigo gida da rana tsaka a yi mako biyu ana aiki a kan yara 200 bai farka ba?

Sakamakon wannan cin amana bai tsaya a Asibitin Zana ba. Da aka zo 2003 aka fara jita-jitar cewa an sa wani abu a maganin rigakafin shan inna, babu hujjar da ta fi saurin shiga kunnen jama'a kamar a ce masu su tuna da Pfizer. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa watan Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma waɗanda ƙafafunsu suka shanye 'ya'yan talakawa ne, ba 'ya'yan waɗanda suka ɓoye rahoton Nasidi ba. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Wannan darasi ne ga mutanen gida na biyu, masu cewa a yi watsi da duk abin da ya fito daga hukuma. Hukuma ce ta jawo wa kanta rashin yarda, wannan gaskiya ne, amma kuɗin rashin yardar daga aljihun talaka ya fita.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. A 2001 aka naɗa Dora Akunyili shugabar hukumar, matar da ƙanwarta ta mutu sakamakon jabun allurar ciwon suga. A zamaninta aka ƙone tarin jabun magunguna a bainar jama'a, aka rufe kasuwannin magani, aka hana masu gidan burodi amfani da sinadarin nan mai kumbura burodi da ake dangantawa da ciwon daji. A watan Disamban 2003 aka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta, Allah Ya yi da sauran kwana. A watan Maris na 2004 gobara ta cinye ofishin hukumar na Legas da ɗakin gwaje-gwajenta na Kaduna cikin 'yan kwanaki. Ba a harbin wanda ba ya aiki, kuma ba a ƙona ɗakin gwajin da ba ya tona asirin kowa. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya NAFDAC a mataki na uku cikin matakai huɗu da take auna irin waɗannan hukumomi da su, matakin da ƙasashen Afirka kaɗan ne suka taka. A 2024 kuma ɗakin gwajinta ne ya ba da sanarwar samun guba a wani rukunin maganin tarin yara na Benylin, aka janye shi daga kasuwa kafin a ji labarin mutuwa. Akwai masu gaskiya da ƙwarewa a cikinta, kuma duk wanda ya ce lambarta ba ta da wata ma'ana ya faɗi son ransa.

Sai dai menene ainihin ma'anar lambar? Amsar tana cikin abin da ya faru a ƙarshen 2008, wanda iyaye a wannan yanki ba za su manta ba, domin Asibitin Shika da ke Zariya, inda ake tura marasa lafiyar Funtuwa da Malumfashi idan abu ya gagara, yana cikin wuraren da aka fara ganin jarirai fitsari ya ɗauke masu. Maganin haƙori ne mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ke yi, kuma yana da rajistar NAFDAC. Kamfanin ya sayi sinadarin haɗi a hannun wani dillali mara lasisi, ashe guba ce, irin wadda ta kashe yara a 1990, wato gubar da aka kafa hukumar saboda ita. Yara 84 suka mutu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Abin lura a nan shi ne, lambar da ke jikin kwalba shaida ce cewa wata rana an kai samfurin wannan kaya an gwada an yi masa rajista. Ba ta ba da shaida a kan abin da aka zuba a tukunya bayan shekara biyu ba, balle kuma lambar da ɗan jabu ya buga da kansa a wata maɗaba'a, balle maganin gaske da ya yi wata uku yana gasuwa a rana cikin kwandon ɗan talla.

Haka aka sake gani a kan kodin. Shekara da shekaru iyaye da malamai a Kano da Katsina da Funtuwa suna kuka a kan yadda maganin tari mai kodin ke cinye samari da 'yan mata har da matan aure. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan uku kullum a Kano da Jigawa kawai. Ba a hana maganin ba. Da yawan waɗannan kwalabe a masana'antu masu rajista aka yi su, da lambarsu a jiki. Ranar 30 ga Afrilun 2018 gidan rediyon BBC ya fitar da fim ɗin bincikensa, kashegari 1 ga Mayu ministan lafiya ya hana yi da shigo da maganin. Abin da kukan iyaye na shekaru bai samar ba, fim ɗin Turawa ya samar a yini ɗaya. An rufe kamfanoni uku, bayan 'yan kwanaki aka buɗe su. Wani abin mamaki kuma, daga 2011 har zuwa 2018 gwamnati da kanta ta fitar da jami'an NAFDAC daga tashoshin jiragen ruwa, wai don a rage cunkoso, kuma a waɗannan shekaru ne kwantenonin taramol suka yi ta kwararowa. An kori mai gadi daga bakin ƙofa, sannan aka zo ana tambayarsa yadda ɓarawo ya shiga.

Duk wannan magana ce ta abin da ke cikin kwalba da kwali, wanda aƙalla yana da lamba. Babbar matsalar ta mutumin wannan yanki tana wani wuri dabam. Tuwon da zai ci da dare, da kokon safe, da ƙosai, da ɗanwake, da ƙuli-ƙuli, da man gyaɗa, da tumatirin Ɗanja, babu ko ɗaya da ke ɗauke da lambar kowa. Tiyar wake ba ta da kwali. Babban ofishin hukumar na jiha yana birnin Katsina, tafiyar kusan kilomita 200 daga Funtuwa, a jihar da ke da ƙananan hukumomi 34. Ɗan uwa mai dako a kasuwar Ɗandume ya tambayi kansa, a duk shekarun da ya yi yana ɗaukar buhu, sau nawa ya ga wani jami'i ya zo ya soka buhu ya ɗebi hatsi don a kai ɗakin gwaji? Masu karɓar haraji kam ba sa fashi, ko ranar da ake ruwan sama.

Wanda ya gwada waken ƙasar nan ya faɗi sakamako a fili shi ne Bature. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos a cikinsa, wato gubar da ke cikin fiya-fiya da Sniper. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an samu wanda ya kai 4.6, wato ninki 460. An ce hanin na shekara ɗaya ne, da ya cika ba a gyara komai ba sai aka ƙara shekara uku, daga nan aka yi ta tsawaitawa. Mahukunta suka yi ta taruka a otal-otal na Abuja suna juyayin kuɗin ƙasashen waje da aka rasa. Babu wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: waken da Bature ya ce ba zai ba ɗansa ba, wa ke cinye shi? Amsa dai a fili take. Kuma abin da ake kaiwa Turai zaɓaɓɓe ne, to ina ga wanda aka bari a gida?

Ba sai an je Turai ba ma. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na makarantar sakandaren Doma a Jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, gwaji ya nuna gamalin a ciki. A watannin Maris da Afrilun 2021 a Kano mutane suka riƙa fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar masu da sunan ɗan tsami, alhali wani sinadarin masana'anta ne. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun mutu, sama da 400 sun kwanta. A duka biyun hukuma ta zo, ta ɗebi samfuri, ta yi kame, ta yi taron manema labarai. Ihu bayan hari.

A nan ne kuma maganar za ta yi ɗaci, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba jami'in NAFDAC ba ne ke tsiyaya fiya-fiya a kan wake kafin a ɗinke buhu. Ba shi ne ke jefa ƙwayar bom tsirara a tsakiyar hatsi ba, ya rufe a ɗakin da mata da yara ke kwana, alhali iskar da ƙwayar ke fitarwa ita kanta tana kisa. Ba shi ke feshe tumatir da yamma a tsinke da safe don ya yi kyan gani a kwando ba, bayan an rubuta kwanakin jira a jikin kwalbar. Ba shi ke wanke galan ɗin maganin ciyawa ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha ba. Waɗannan hannuwan 'yan gida ne, kuma da yawa hannuwan samari ne da aka ba su aikin jinga. Akwai 'yan kasuwar da kan ware buhunan da iyalinsu za su ci ba tare da magani ba, su zuba wa na sayarwa. Wanda ya yi haka ya riga ya yanke wa kansa hukunci, don ya san abin da yake yi. Kowane ɗalibi ya san ƙissar mai sayar da hatsin nan da Manzon Allah (S) ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin kayansa ya ji danshi a ƙasa, da irin tsananin maganar da ya gaya masa. Wancan ruwan sama ne kawai ya ɓoye a ƙarƙashin busasshe.

Su kansu masu feshin su ne farkon waɗanda abin ke ci. Tun zamanin da auduga ke mulki a Funtuwa da Malumfashi, da lokacin shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya da aka fara a Funtuwa a 1975, manomin yankin ya saba da feshi, amma a 'yan shekarun nan maganin ciyawa ya kusan maye gurbin fartanya gaba ɗaya. Za a ga saurayi ya goya injin feshi yana yoyo a gadon bayansa, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ya garwaya magani da hannu, in bakin injin ya toshe ya sa baki ya hura. Maganin ciyawar nan mai ƙona ganye nan take, paraquat, Turai ta hana shi tun 2007, kuma ba shi da makari idan ya shiga ciki. NAFDAC ta sanar da cewa haramcinsa a Nijeriya zai fara aiki daga farkon 2024, na atrazine da manoman masara suka dogara da shi kuma daga 2025. Tun 2019 ma ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Mai karatu ya fi kowa sanin abin da ke kan teburan masu maganin feshi a kasuwar garinsu, sai ya auna da kansa tazarar da ke tsakanin sanarwar Abuja da teburin.

Akwai kuma gubar da ba wanda ya zuba ta. Masara ko gyaɗar da aka tara da danshi takan yi fumfuna, fumfunar kuma takan haifar da wata guba da masana ke kira aflatoksin, wadda ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Tana cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, tana kuma tsumburar da yara. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 da suka ci masarar da suka noma da hannunsu. Matsalar tsaro ta ƙara dagula wannan al'amari, domin manomin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara da ke tsoron 'yan bindiga ba zai bar masara ta bushe a kara ba, zai karye ta da sauran ruwa ya gudo da ita gari ya tara. Manyan kamfanonin abinci da wasu masu haɗa abincin kaji da ke sayen masarar yankin sukan auna danshinta, wasu har su gwada wannan guba, in ba ta yi ba su mayar da mota. Motar da aka mayar ba rami ake kai ta a binne ba. Kasuwa take komawa, a auna wa mai sayen tiya ɗaya. Wato an kai matsayin da kazar gidan gona ke da mai duba mata abinci, ɗan talaka ba shi da shi.

To, a amince da hukumar ko kada a amince? Abin da tarihinta ya nuna shi ne a amince da ita gwargwadon inda idonta ke kaiwa, kuma a san cewa idon ba ya kaiwa nesa. Maganin da ke da lamba, aka saye shi a kantin magani mai lasisi, aka duba ranar lalacewarsa, aka kankare wurin da ake kankarewa a kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro aka tura lambobin ta waya aka sami amsa, ya fi na kwandon ɗan talla aminci nesa ba kusa ba. Idan hukumar ta ce a janye wani kaya ko ta haramta wani maganin feshi, a ɗauki maganar da gaske, domin ba a san ta da saurin hani ba, in har ta hana to abin ya daɗe da ƙamari. Amma shirunta a kan wani abu kada a ɗauke shi shaidar lafiyarsa, don ta yi shiru a kan Trovan shekara huɗu, ta yi shiru a kan kodin har sai da aka nuna fim.

Abin da ya rage a hannun matasa ba kaɗan ba ne, kuma ba ya jiran sa hannun kowa. Wake yana ajiyuwa ba tare da ɗigon magani ba idan aka busar da shi sosai aka hana shi iska. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da masu bincike na Kamaru da Nijar, an fara yaɗa shi tun 2007 kuma a Kano ma ana yin sa. Ƙwaron da ke ciki iska ke ƙare masa ya mutu. Jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa ruf, in aka cika shi har baki, aikin da zai yi ke nan. Kuɗin buhun ya fi na buhun gargajiya, amma ana amfani da shi fiye da kaka ɗaya muddin ɓera bai huda shi ba, kuma bai kai kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya ba. Masara a shanya ta a kan tamfol ko daɓe maimakon ƙasa, a tsince mai fumfuna a zubar, kada a niƙa wa yara koko da ita don ana jin asara. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gonar masara ko gyaɗa mako biyu zuwa uku kafin fure, yana rage gubar ƙwarai. Saurayin da ya iya karatu ya karanta wa mahaifinsa abin da aka rubuta a jikin kwalbar feshi, musamman ma'auni da kwanakin jira. Wanda aka ba jingar zuba fiya-fiya a buhun abinci yana da ikon ya ce ba zai yi ba.

Su kuma mahukunta, a nan kusa ya kamata a fara riƙe su, inda hannu zai kai. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da jami'i ɗaya da littafinsa kan sa mahauci ya binne naman da ya lalace. Har yau akwai sashen lafiyar muhalli a kowace ƙaramar hukuma, ana kuma biyan albashi, kuma duba abincin kasuwa yana cikin aikinsu. Kowace mota da ta yi lodi a Ɗandume ko Bakori ana yankar mata rasit. Ƙungiyoyin matasa da na manoma da na 'yan kasuwar hatsi suna da haƙƙin su tunkari shugabannin ƙananan hukumomin Funtuwa da Ɗandume da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi, da 'yan majalisar jiha masu wakiltarsu, da buƙata a rubuce: a cire wani kaso daga harajin kasuwa a sayi na'urar auna danshi da kayan gwajin gaggawa na aflatoksin a ajiye a kowace babbar kasuwar hatsi, a raba rumfunan masu maganin feshi da na masu kayan abinci, a kuma nemi ofishin NAFDAC na Katsina ya riƙa ɗibar samfurin wake da masara daga waɗannan kasuwanni kowace kaka yana kaiwa ɗakin gwajinsa na Kaduna, a liƙa sakamakon a ƙofar ofishin sarkin kasuwa da Hausa da ajami, inda mai sayen tiya ɗaya zai gani kafin ya miƙa kuɗinsa.